Kada Mu Shuka Kuɓewar da Ta Fi Ƙarfin Hannunmu



Damina tana matsowa, kowace ƙungiyar gama kai kuwa tana zama domin ta shirya abin da za ta shuka. A tarurruka da dama mun ji ana kawo shawara cewa bana a ware eka ɗaya ko biyu a gonar ƙungiya domin kuɓewa. Masu wannan shawara suna da dalili mai kyau. Kuɓewa ba ta jinkiri, gama kafin wata biyu ta fara kawo kuɗi, tun dawa ba ta fid da kai ba. Ba ta cin taki kamar masara. Kasuwarta kuma ba ta mutuwa, domin da wuya a sami gidan da ba a kaɗa miyarta. Bisa ga lissafin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, in an ɗauke Indiya babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman kuɓewa.

Mun yarda da wannan duka. Amma muna da magana guda da muke so kowace ƙungiya ta tauna kafin ta sayi iri. Kafin mu auna gona, mu fara ƙidaya hannuwan da za su riƙa ɗiban kuɓewar. Shuka kuɓewa aikin yini ɗaya ne. Ɗibanta aikin mako shida ne ko fiye, ba fashi. A nan ribar take, a nan kuma hasarar take.

Abin da ya same mu

Ba labarin wasu muke ba ku ba. Wata shekara mu kanmu mun shuka eka guda cur. Mun yi gayya, mun yi huɗa, mun zuba taki, shuka ta yi kyau har masu wucewa suna tsayawa kallo. Ranar ɗiban fari kowa ya fito da kwandonsa. Ranar ɗiba na uku, rabinmu ne suka zo. Sa'an nan gero ya nuna, dawa tana jiran maimai, aka kuma yi rasuwa a ƙauye. Kwana shida ba wanda ya leƙa gonar.

Da muka koma, sai muka tarar 'ya'yan sun yi tsawon tafin hannu, sun ƙosa, sun yi tauri kamar kara. Duk da haka muka cika kwanduna muka kai kasuwa. Mai saye ya ɗauki ɗaya, ya danna tsininta da babban yatsa, ta lanƙwashe ba ta karye ba. Ya ajiye ya wuce. Ba a nan hasarar ta tsaya ba. Bayan wannan fashi, fure ya ragu ƙwarai, gonar ba ta sake komawa yadda take ba. Da ƙyar muka mai da kuɗin iri da na taki. A taron ƙarshen shekara wasu sun ɗora wa iri laifi, wasu sun ce ƙasar ce. Gaskiya kuwa ita ce, mun shuka abin da ya fi ƙarfin hannunmu.

Halin kuɓewa

Ya kamata mu gane dalilin da ya sa haka ta faru. Kuɓewa dangin auduga ce da rama da yakuwa. Irin da ke saurin yi yakan fara fure kwana 35 zuwa 45 bayan shuka. Furen yakan buɗe da safe, kafin gobe ya yanƙwane ya faɗi. Daga ranar da fure ya buɗe, kwana 4 zuwa 6 ne kawai ɗan kuɓewa yake bukata ya isa ɗiba. A lokacin tsawonsa bai wuce yatsa ba, yana da taushi, yana da yauƙi. In aka ƙara masa kwana biyu ko uku, sai zare ya shige shi, ƙwayoyin ciki su fara tauri.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Muradin kowace shuka shi ne ta bar iri. Muddin muna cire 'ya'yan tun suna ƙanana, kuɓewa za ta yi ta fid da sabon fure, gama ba ta cika muradinta ba tukuna. Amma da zarar mun bar 'ya'ya sun ƙosa a jikinta, sai ta mai da ƙarfinta wajen cika ƙwayoyinsu, ta rage fure. Watau ɗan kuɓewa ɗaya da muka manta da shi a ƙarƙashin ganye yana cin rabon waɗanda ba su fito ba. Saboda haka ko wanda ya riga ya wuce sayarwa, tilas ne a cire shi a yar.

Mu yi lissafi

In mun bar ƙafa 2 tsakanin layi da layi, watau santimita 60, da ƙafa 1 tsakanin gindi da gindi, eka ɗaya za ta ɗauki gindi kusan 22,000. A kowane ɗiba dole ne a duba kowane gindi, a ɗaga ganye, a yanka. A ce mai ɗiba yana da zafin nama, kowane gindi daƙiƙa 3 kawai yake ci masa. Eka ɗaya ke nan ta ci awa 18 na aikin mutum ɗaya. Ba sau ɗaya ba. Sau uku a mako har mako shida, ɗiba 18 ke nan. Duk wannan kuwa a watannin Agusta da Satumba, lokacin da kowane gida yake neman hannu a gonarsa.

Yanzu mu duba fili mai taku 20 a tsawo da taku 20 a faɗi, takun babban mutum. Zai ɗauki gindi kamar 1,800. Da wancan lissafi, mutum ɗaya zai gama shi cikin awa ɗaya da rabi. Zai iya zuwa da sassafe, ya gama kafin rana ta yi zafi, ya wuce gonarsa. Eka ɗaya tana da irin wannan fili 12.

Ga ma'aunin da muke ba da shawara a kai: mutum ɗaya, fili ɗaya mai taku 20. Idan mutum goma sha biyu suka tsaya a gaban taro suka ce sun ɗauki nauyin ɗiba har ƙarshe, to, a shuka eka. Idan mutum huɗu ne, a shuka fili huɗu, sauran gonar a zuba gyaɗa ko wake, waɗanda za su iya jiranmu. Kuma kowane fili ya zama da sunan mai shi a littafin magatakarda. Abin da aka ce na kowa ne, shi ne ba mai kula da shi.

A raba shuka kashi uku

Kuskurenmu na biyu shi ne mun shuka duka a rana ɗaya, saboda haka duka ta zo mana a lokaci ɗaya, daidai da ta kowa. Kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, 'yan sari suka taya yadda suka ga dama, gama sun sani ɗanyar kuɓewa ba ta wuce kwana biyu ko uku a zafinmu ba ta yi laushi ta yi baƙi ba.

Ya fi kyau a raba shuka uku. Kashi na fari, da zarar ruwa ya zauna. Wannan ita ce za ta riski kasuwa tun kuɓewa tana tsada. Kashi na biyu, bayan mako uku ko huɗu. Kashi na uku, a lissafa shi yadda ɗibansa zai faɗo daidai da ɗaukewar ruwa, domin shi ne na shanya. A wuraren da ruwa ke kai wa Oktoba, kamar kudancin Kaduna da ƙasashen da ke gindin tsaunin Filato, ƙarshen Yuli ko farkon Agusta ya yi. Waɗanda ke can arewa, inda ruwa ke ɗaukewa a Satumba, su gabatar da tasu shukar. Masu fadama kuma su tuna kuɓewa ba ta son sanyi. Wadda aka shuka a tsakiyar hunturu takan yi nawar tsirowa, ta tsumbure. Gara a jira sanyi ya karye wajen Fabrairu.

Game da shukar kanta, abubuwa kaɗan ne, amma kada a raina su. Ƙwayar kuɓewa tana da tauri, don haka a jiƙa ta kwana ɗaya kafin a shuka. A zuba ƙwaya biyu ko uku a rami mai zurfin gaɓar yatsa. Bayan mako biyu a rage, a bar mai ƙarfi guda. A yi kunya, gama saiwarta ba ta jure kwanciyar ruwa. A zuba takin gida wanda ya ruɓe sosai. Kada a cika mata yuriya, domin sai ta tafi ga ganye ta bar 'ya'ya. Kada kuma a shuka ta inda aka cire auduga ko tumatir ko ita kanta kuɓewa bara. Ƙwarinsu ɗaya da auduga, kuma tsutsar nan da ido ba ya gani, mai sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle, tana cin kuɓewa kamar yadda take cin tumatir. Bayan masara ko dawa ya fi.

Zaɓen iri ma yana da alaka da ɗiba. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1975, ta fitar da iri kamar NHAe 47-4 da LD 88. Akwai kuma Clemson Spineless wanda ya fito daga Amurka, ba shi da ƙaiƙayi sosai. Irin waɗannan sukan zo da wuri, su zuba 'ya'ya a ɗan lokaci, don haka suna bukatar hannu a tsaye. Doguwar kuɓewar gargajiya ta bayan gida takan yi jinkiri, amma takan daɗe tana bayarwa kaɗan-kaɗan har cikin kaka. Ƙungiyar da ba ta da hannu da yawa kada ta raina ta.

Yadda ake ɗiba

A tsai da ranaku, kowa ya sani: Litinin, Laraba da Jumma'a. Da haka ba a taɓa wuce kwana uku ba a shiga gona ba, ranar Lahadi kuma kowa ya huta. Inda ranar kasuwa ta saɓa, a gyara ranakun yadda ɗiba zai faɗo da safiyar kasuwa ko jajibirinta.

A ɗiba da safe bayan raɓa ta ɗauke. A yanka da ƙaramar wuƙa mai kaifi, a bar ɗan guntun karan da ke riƙe da ita. Fizga da hannu yana yage reshe. A sa riga mai dogon hannu saboda ƙaiƙayi, gama mun lura ƙaiƙayin nan yana cikin abubuwan da ke korar mutane daga gonar kuɓewa. A zuba cikin kwando, a ajiye a inuwa nan da nan. Kada a danna ta cikin buhun taki a ɗaure baki, domin duk inda ta gurje sai ya yi baƙi, zafin cikin buhu kuma ya dafa ta. Kada a wanke ta in za ta kwana. A ware ƙanana daban, matsakaita daban. Kwandon da kansa ya yi ɗaya ya fi kuɗi.

Maganar feshi

Ga wani wurin da ɗiban kuɓewa ke neman mu yi hankali. Kowane maganin ƙwari yana da kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a ci amfanin, an kuma rubuta su a jikin kwalba. Wasu kwana bakwai ne, wasu mako biyu. Mu kuwa bayan kwana biyu muke ɗiba. To, wanda ya fesa ranar Litinin ya ɗiba ranar Laraba, me ya kai kasuwa? 'Ya'yanmu ne da 'ya'yan maƙwabtanmu za su sha miyar.

Saboda haka yaƙi da ƙwari a yi shi tun kafin fure. A makonnin farko ne ƙananan ƙwarin nan masu tsalle suke huda ganye kamar rariya, su ne kuma ke yaɗa ciwon da ke sa ganye dabbare-dabbare. Farin ƙuda kuma yana kawo ciwon nannaɗewar ganye. Gindin da ya kamu da waɗannan ba shi da magani, sai a tuge shi a binne. Idan fure ya fara, a koma ga ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa, a fesa da yamma, a riƙa cire 'ya'yan da tsutsa ta huda. In abin ya faskara, a nemi malamin gona kafin a buɗe kwalba.

Shanya ita ce rumbun kuɓewa

Ko da mun ɗiba a kan kari, akwai ranar da kasuwa za ta ƙi. A irin wannan rana, ƙungiyar da ta iya shanya ba ta roƙon ɗan sari. Dukanmu mun san wannan abin kunya: mu sayar da ɗanya da araha a Satumba, sa'an nan matanmu su sayi busasshiya da tsada a Afirilu.

Kashi tara cikin goma na ɗanyar kuɓewa ruwa ne. Watau kilo 9 zuwa 10 na ɗanya shi ke ba da kilo 1 na busasshiya. Kada mu yi aiki da zato. Ma'aji ya riƙa rubuta farashin ɗanya da na busasshiya kowace ranar kasuwa har shekara ta zagayo. Idan kuɗin kilo 1 na busasshiya a bazara ya wuce kuɗin kilo 10 na ɗanya a tsakiyar damina, har ya biya wahalar yanka, to, littafinmu ne da kansa zai gaya mana ranar da za mu daina kai kaya kasuwa mu koma shanya.

Amma shanya tana da ƙa'ida. Wadda ta ƙosa ba ta gyaruwa da shanya. Garinta ba yauƙi, sai tsaki a baki. A yanka mai taushi, a ranar da aka ɗibo ta, sirara kuma daidai wa daida. A baza ta a kan tabarma ko asabari bisa rumfa mai tsawon ƙugu, inda iska ke ratsawa ta ƙasa. Kada a shanya a bakin titi ko a ƙasa, inda ƙura da awaki da kaji ke bi. A rufe da gidan sauro ko yadi marar kauri saboda ƙuda. A shigar da ita ɗaki kafin raɓa ta sauka. In rana tana da ƙarfi, kwana uku zuwa biyar ya isa. An san ta bushe idan ta karye ƙas a hannu, tana ƙara in an girgiza. Ƙungiyar da ke da ɗan hali tana iya yin rumfa ɗaya mai rufin farar leda, a bar wa iska mashiga da mafita. Wannan zai ceci shanya ranar da hadari ya taso ba shiri.

A ajiye ta a yanke, gama gari ya fi saurin jan danshi da salancewa. A daka sai lokacin sayarwa. A zuba cikin jarka mai tsabta ko buhu mai leda biyu a ciki, irin wanda muke ajiye wake, a ɗaure yadda iska ba za ta shiga ba. Ba a zuba mata maganin ƙwari ko kaɗan.

Iri kuma a ware masa layi guda tun farko, a zaɓi gindin da suka fi lafiya, a bar 'ya'yansu su bushe a jiki har su fara tsagewa. Kada a ɗauki ragowar ƙarshen gona a ce iri ne. In kuma irin da aka saya mai alamar F1 ne, kada a ajiye 'ya'yansa, gama ba za su fito kamar uwarsu ba.

Hannun wa ke ɗiba?

Mun ce a ƙidaya hannuwa. To, mu faɗi gaskiya, yawancin hannuwan nan na mata ne. Tun kakanninmu kuɓewa amfanin mace ce. Ita ke shuka ta a gayauna ko a bayan gida, ita ke yanka, ita ke shanya, da kuɗinta take sayen gishiri da sabulu da littafin yaro. Ba daidai ba ne a ce da kuɓewa ta fara kawo kuɗi sai maza su zauna su yanke shawara, mata su sha ƙaiƙayi, kuɗi kuma ya shiga asusun da ba su da baki a ciki. Macen da ta ga haka za ta zo ɗiba sau biyu, na uku ta ce yaro ba lafiya. Ba za mu ga laifinta ba.

Saboda haka a rubuta kowane kwando da sunan wadda ta kawo shi. Bayan an cire kuɗin iri da taki da ɗan kason ƙungiya, sauran a danƙa mata a hannunta. Kwamitin kuɓewa kuma mata su fi yawa a ciki, gama sun fi mu sanin wadda ta isa ɗiba tun daga nesa.

Ga masu cewa mun cika tsoro

Wani zai ce, ƙaramar gona ba ta jawo babban mai saye, mai mota ba zai shigo ƙauye saboda kwando uku ba. Gaskiya ne. Amma amfanin gama kai ke nan. Fili goma sha biyu na mutum goma sha biyu, in an ɗiba rana ɗaya aka tara wuri ɗaya, eka guda ce a idon mai mota. Bambancin kawai shi ne kowane fili yana da mai kula da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai kowane hannu ya san gefen da ya kama.

Wani kuma zai ce a ɗauki 'yan ƙwadago. Ana iyawa. Amma a lissafa kuɗinsu sau 18 tun kafin a shuka. In lissafin ya fita, madalla. In bai fita ba, gara a gane haka a kan takarda da a gane a kasuwa.

Abin da za a kai taro

Muna roƙon kowace ƙungiya ta sa waɗannan tambayoyi huɗu a taronta na gaba. Mutum nawa ne suka ɗauki nauyin ɗiba sau uku a mako, su wane ne? Waɗanne ranaku za a yi shuka ta fari, ta biyu da ta uku? Ina za a kafa rumfar shanya, wa zai kawo itace da asabari? Yaya za a raba kuɗi, wa zai riƙe littafi?

In an amsa waɗannan, sai a je a auna gona. Ƙungiyar da ta gwada, ta rubuto mana abin da ta gani bayan kaka, mai daɗi da marar daɗi, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Muna yi muku fatan damina mai albarka.